Yadda na mayar da jif ɗina motar daji, sannan na dawo da ita kan hanya

A watan Agusta na 2023 motata ta kafe a cikin taɓo a kan hanyar gonarmu da ke ƙasar Alkaleri, tun bayan azahar har aka kira sallar magariba, sai da aka nemo tarakta daga wani ƙauye ta fizge ta. Motar Toyota Prado ce ƙirar 2007, mai injin fetur na lita 2.7, wadda na saya a hannun wani, kuma ita kaɗai nake da ita. Da ita nake kai yara makaranta a cikin garin Bauchi, da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai mahaifiyata ganin likitan ƙashi. Idan za ni gona nakan bi hanyar Gombe in ƙetare gadar Dindima, can gaba in sauka daga kwalta in shiga wata hanya mai tsawon kilomita 14, wadda ta fara da burji, ta ratsa yashin wani rafi, ta ƙare da fadama mai baƙar laka. A wannan fadamar na kafe. Ina tsaye a gefe, laka har gwiwa, yara sun kewaye ni suna kallo, na ɗaura niyyar cewa sai na mayar da motar irin wadda babu hanyar da za ta gagare ta. Abin da ya biyo baya ya ci mini kusan shekara biyu da kuɗi masu yawa, shi ya sa na ga ya dace in bayyana shi daki-daki domin mai irin wannan niyya.

Na shafe watannin kaka da hunturu ina kallon hotunan motocin Ostireliya da na Amurka a Facebook, waɗanda aka ɗaga sama, aka sa musu manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe. A watan Fabrairu na 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500 kuma farashin kayan mota yana sauyawa kusan kullum, na kai motar wani gareji na nuna wa mai garejin hoto a waya. Ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba, ya ce: “Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne, ka kawo kaya kawai.” Bai tambaye ni inda nake zuwa da motar ba, ni ma ban ga dalilin gaya masa ba. Ya rubuta mini abin da zan sayo a bayan wani kwali: tayoyin laka guda huɗu, da wasu ƙarafa masu kaurin inci 3 da ake cusawa a saman sifirin domin a ɗaga mota.

Tayoyin na je Kano na sayo su. Ya kamata mai karatu ya san ma'anar lambobin da ke jikin taya, domin ni sai da na biya kuɗi na koya. Tayar da motar ta zo da ita 265/65 R17 ce: 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗin, 17 kuwa girman wili ne da inci. Tsayin irin wannan taya daga ƙasa zuwa sama yana kai milimita 776. Ni kuwa na sayi 285/70 R17, mai tsayin kusan milimita 831, wato ta fi ta asali da kashi 7 cikin 100, kuma irin mai manyan haƙora ce da ake rubuta wa M/T, wadda aka yi musamman domin laka. Kowace ɗaya naira 185,000, huɗu suka tashi 740,000, sai na ce safaya ta jira wani lokaci. Bayan na dawo Bauchi ne mai faci ya nuna mini lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Biyu daga cikin tayoyin da na saya a matsayin sababbi sun shekara uku a ajiye. Na kira mai shagon, ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa.

Ƙarafan ɗaga motar daga Legas aka aiko su. An ce mini kwana huɗu, suka yi kwana 16, ina sintiri tsakanin gida da tasha. Su da kuɗin aiki suka ci naira 130,000, motar kuma ta kwana biyu a gareji. Da aka sauke ta daga kan jak aka murza sitiyari har ƙarshe, sai muka ji taya tana gurzar wani abu. Aka yanke robar da ke cikin mazaunin taya, aka cire matarin laka na gaba, gurzar ta ragu amma ba ta daina ba, domin tayar tana taɓa ƙarfen da ya riƙe gangar jikin motar a kan shasi. Mai garejin ya ce a yanke shi a sake waldawa. A nan ne kaɗai na yi ta maza na ce a'a, kuma har yau ina gode wa Allah da ban bari an sa wa shasin wuta ba. Daga nan na wuce wajen mai walda, wanda ya ƙera mini bamba da bututun ƙarfe mai kauri a kan naira 260,000, da kariya ta ɗora kaya a saman mota a kan 85,000, ya jera mini fitilu huɗu masu farin haske a goshinta. Ya cire matakalar gefe, wai tana rage wa motar tsayi. Sati uku aikin ya ɗauka saboda rashin wutar lantarki. Jimillar abin da na kashe ta haura naira miliyan 1.2.

Ba zan ɓoye ba, ranar da na fito da ita na ji daɗi. Na bi ta Wunti, na zagaya ta shataletalen Gidan Mai, masu Keke Napep suna ɗaga mini hannu. Daɗin bai kai gida ba. Ina shiga rumfar ajiye mota kariyar ta daki katakon da ya riƙe kwano, ta karya shi, ta yage falle biyu. Tun daga ranar motar take kwana a waje, rana da ƙura suna dukanta.

Abin da ya fi damuna ya faru ne ranar da za mu je asibiti. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, kuma a da takan taka matakalar nan, ta kama maƙalin da ke saman ƙofa, ta zauna da kanta. Ran nan ta zo ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta ɗaga ƙafa ta ga ba za ta kai ba, ta sauke, ta sake gwadawa. Sai da ƙaramar 'yata ta ruga ta ɗauko kujerar tsugunno daga madafa, ni na riƙe hannu ɗaya, uwargida ta tallafe ta ta baya, sannan ta shiga. Da ta zauna ta huce, sai ta dube ni ta ce: “Kai kuwa, motar ce ka mayar raƙumi?” Aka yi dariya, amma ni kunya ta rufe ni. Daga ranar kujerar ta zama kayan mota, a bakin asibiti ma sai an sauke ta a gaban jama'a.

A kan kwalta motar ta zama wata daban. Da zarar na wuce gudun kilomita 60 sai tayoyin su fara wani gurnani da ke cika cikin motar, har ba a jin rediyo sai an ƙure murya. Wata tafiya da muka yi zuwa Jos, tun kafin mu kai Nabordo uwargida ta ce kanta na ciwo. A hawan da ke gab da shiga Jos injin ya riƙa kuka, giya tana sauka tana hawa ita kaɗai, domin babbar taya tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa, injin lita 2.7 kuwa dama ba shi da rarar ƙarfi a kan mota mai nauyin kusan tan biyu. A kwana motar takan kwanta gefe fiye da da. Da ruwan farko ya sauka na taka birki a cikin gari saboda wani mai babur, motar ta ja jiki ta yi gaba kamar ba ta ji ba, saura ƙiris in taɓa shi. Tayar laka ba ta da ƙananan tsagogin da ke kama jiƙaƙƙiyar kwalta, ga nauyin ƙarfen da na ƙara mata. Maleji ma ya daina faɗin gaskiya: idan allura ta nuna 100, ainihin gudun ya ƙaru da kusan 7 a kan abin da take nufi a da, abin da ya kamata mai tsoron tarar jami'an kiyaye haɗura ya sani.

Batun mai shi ne ya fi shiga aljihu, domin duk wannan ya zo ne bayan cire tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma kafin ƙarshen 2024 lita ta kai naira 1,000. Nakan cika tanki, in rubuta maleji, in sake cikawa in raba. Kafin gyaran ina samun kusan kilomita 7 a lita ɗaya. Bayan gyaran lissafi ya nuna 5.5, amma da yake babbar taya tana sa maleji ya ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, sai na ƙara kashi 7 ɗin nan, ya zama 5.9. Ina yin tafiyar kusan kilomita 18,000 a shekara, saboda haka bambancin ya kai lita 480, wato kusan rabin miliyan a shekara a kan tayoyi da ƙarfe da kariyar da ba na ɗora mata komai sai ranar kai taki ko ɗauko masara.

Sai lalacewa ta fara biyo baya. Cikin wata huɗu robar shaf ta gaba ta dama ta yage (shaf shi ne ƙarfen da ke juya taya), man giris ya fantsama a cikin wili, aka sauya, bayan wata biyu ta hagu ta bi sahu. Gaban Prado kowace ƙafa zaman kanta take yi, kuma idan aka ɗaga shi da yawa sai shaf ɗin ya karkace fiye da yadda aka tsara masa, robarsa ta riƙa gugar kanta, boljoyin na sama kuma ya kai iyakar miƙewarsa. A kan tudun rage gudu nakan ji ƙarar bugu daga gaba, domin shokozoba ta riga ta miƙe ba ta da sauran wurin tafiya. Sau uku ina kai ta wajen masu saita ƙafa da kwamfuta, kowane zuwa in yi zaman awa biyu, a ƙarshe yaron da ke aikin ya gaya mini gaskiya cewa ƙusoshin saiti sun kai ƙarshe, ba za ta daidaita ba muddin tana wannan tsayin. Da zafin bazara ya doshi digiri 40, allurar zafin inji ta fara ɗagawa a cunkoson kasuwar Muda Lawal, domin farantin bambar da fitilun sun tare iskar da ke shiga lagireto.

Lokacin sabunta takardu ya zo a watan Yuni. Na je da takardar mallaka, da tsohon lasisin mota, da takardar lafiyar mota, da inshora, wadda tun farkon 2023 mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 daga 5,000. Na isa da ƙarfe tara, aka zo kaina wajen sha ɗaya da rabi. Jami'in da ya duba motar ya zagaya ta sau biyu, ya nuna mini tayoyin da suka ɗan leƙo waje, ya sa na kunna fitilu. Ya ce fitilun sama huɗun nan ba na kan titi ba ne, kuma manyan fitilun ma sun ɗaga kai suna haska idon mai tahowa, tunda an ɗaga mota ba a sake saita su ba. Ya ce in cire na saman, in gyara na ƙasan, in dawo. Gaskiyarsa ce, domin na tuna yadda direbobi suke ta ƙyafta mini fitila da daddare ina zaton rashin kunya ce. Na gyara na koma bayan kwana biyu, aka ba ni takarda. A wajen inshora kuma ma'aikaciyar ta ja hankalina cewa mai inshora cikakkiya wajibi ne ya sanar da kamfani duk wani babban sauyi da ya yi wa mota, in ba haka ba ana iya samun gardama ranar biyan diyya.

A yi wa tayoyin laka adalci: a daminar 2024 sun yi aikin da aka saye su dominsa, sun ratsa fadamar nan sau da dama ba tare da tarakta ba. Sai dai na lura da abu biyu. A inda hanya ta karkace gefe ɗaya a bakin rafi, motar ta riƙa jingina har gabana ya faɗi, musamman ranar da na ɗora buhunan taki a kan kariya. Na biyu kuma, duk ɗagawar da aka yi, aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, yana nan yana sharar tudun da ke tsakiyar sawun tarakta.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran motocin masu aikin karkara. Na kai masa motar a watan Nuwamba. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe bai ce komai ba, da ya fito ya karkaɗe hannu ya tambaye ni sau nawa nake zuwa gonar a shekara. Muka zauna a kan benci muka ƙirga. Zuwa kusan 30 ne, amma waɗanda suke faɗowa cikin tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, ba su wuce 12 ba. Kilomita 28 zuwa da dawowa sau 12 ya ba da 336, a cikin 18,000. Ya ce: “Ɗana, ka ɓata tafiya casa'in da takwas domin ka gyara biyu.” Na ce: “Baba, to ai kafewa na yi.” Sai ya tambaye ni iska nawa ce a tayoyin ranar da na kafe, da kuma inda ƙaramar giyar take, wato sanda ta biyu da ke kusa da babbar giya. Na ce mai faci yakan cika su 45, tayoyin kuma sun riga sun suɗe, ƙaramar giyar kuwa tun da na sayi motar ban taɓa taɓa ta ba. Ya buɗe ƙofa ya nuna mini haruffan da ke kan ƙaramar giyar, H da HL da N da LL. Ya ce a H ƙafafu huɗu suna ja, amma idan ɗaya ta samu santsi ƙarfi yana iya zurarewa ta wajenta. HL tana ɗaure gaba da baya su juya tare, LL kuma ta ƙara da giyar ƙarfi. Ashe garin neman gira na kusa rasa ido, alhali maganin yana kusa da gwiwata. Ya kuma bayyana mini cewa ɗaga sifirin gangar jiki kawai yake ɗagawa, aksul na baya kuwa taya ce kaɗai take ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru.

Warware aikin ya ɗauki wata uku, domin sai da na bi albashi. Muka fara da cire bamba da kariya, muka mayar da bambar asali wadda Allah ya sa ban sayar ba. Baba ya ce bambar da aka walda a gida ba ta lanƙwashewa yadda ta kamfani take yi ta shanye bugu, tana iya rikita lokacin fitowar jakar iska, kuma idan ta samu mai tafiya a ƙasa ko mai babur ba ta da sauƙi. Aka zare ƙarafan inci 3, muka samo sifirin da shokozoba waɗanda aka yi su tare daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, masu ɗaga mota kimanin inci ɗaya da rabi, a kan naira 420,000. Tayoyin laka na sayar da su ƙasa da rabin kuɗinsu, na sayi 265/70 R17 masu alamar A/T, waɗanda ake yi domin kwalta da burji duka, tsayinsu milimita 803, ƙarin da bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Wannan karon biyar na saya har da safaya, domin mota mai jan ƙafa huɗu a kowane lokaci ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a girma, kuma sai da na tsuguna na karanta shekarar kowacce kafin in biya. Mai walda ya yi mini farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, wanda ake kwancewa da ƙusoshi lokacin juyen baƙin mai. Baba ya ƙara wa bututun numfashin aksul tsawo da 'yar roba ya kai shi sama, saboda da muka zubar da man aksul ɗin ya fito fari-fari kamar koko, alamar ruwan rafi ya shiga. Matakalar gefe ta koma wurinta.

A daminar 2025 na bi hanyar nan da wannan tsarin. Idan na sauka daga kwalta nakan tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya in rage iska daga 32 zuwa 22 da geji na kaina, in sa HL, idan na iso fadama in tsaya cak in sa LL, in bi a hankali ba tare da danna totur da ƙarfi ba. A dawowa in mayar da giya H kafin in hau kwalta, domin tafiya a kan busasshen titi da gaba da baya a ɗaure tana wahalar da giya da tayoyi, sannan in mayar da iska da ƙaramin injin da ke aiki da batirin mota. Minti goma sha biyar ne a kowane ɓangare. Sau ɗaya na kafe, shebur da rassan itace suka fitar da ni cikin rabin awa. Mai ya dawo kusan kilomita 6.6 a lita, motar ta koma kwana a rumfarta, kujerar tsugunno ta koma madafa.

Ga wanda yake shirin irin wannan aiki, shawarata ta farko ita ce ya ɗauki biro ya ƙirga tafiyarsa ta shekara kafin ya je gareji, ya ware ta kwalta da ta daji, ya kuma tuna da waɗanda suke shiga motar tare da shi da tsayin rumfar da take kwana. Sannan ya gwada motar yadda take, da tayoyi masu rai, da iskar da takardar jikin ƙofar direba ta nuna, ya koyi aiki da ƙaramar giya a wuri mai sauƙi tun kafin damina. Idan sauyi ya zama dole, a fara da taya, a ƙara mataki ɗaya kawai a girma, a yi wata guda ana tafiya kafin a taɓa wani abu, domin ni da na yi komai a lokaci guda ban iya gane wanne ne ya jawo wace matsala ba. Ɗaga gaban irin wannan mota fiye da inci 2 yana buƙatar sauya wasu sassan ƙafa masu tsada, kuma bayan kowace ɗagawa sai an sake saita ƙafa da fitilu. Kada a yarda a yanke ko a walda shasi, kuma a adana duk abin da aka cire. Igiyar ja mai ƙarfi da shebur da geji da injin iska gaba ɗayansu ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, amma igiyar a maƙala ta a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a jikin bamba ko dunƙulen jan tirela ba, domin idan ya ɓalle yana tashi ne kamar jifa.

Akwai ranakun da ko da wannan tsarin ba na shiga fadamar. Idan an kwana ana ruwa kuma na tarar rafin ya wuce gwiwa, nakan ajiye motar a ƙofar gidan mai unguwa, in jira ruwa ya janye, in hau babur ɗin yaron gona mu ƙarasa. Bambar ƙarfen kuwa tana nan jingine a bayan gida, na yi mata kuɗi sau biyu ba a daidaita ba, kaji sun mayar da ita wurin kwana.